Zoɓon Suna da Kifayen Aji Biyar

Ranar Litinin ce, makon farko bayan hutun ƙarshen shekara, ina aji biyar a wata firamare da ke bayan Stockport Road a unguwar Levenshulme ta birnin Manchester, wani dogon mutum mai takalmin roba har gwiwa ya shigo ajinmu rungume da kula irin wadda ake zuba lemo. Ƙarfe tara ta yi amma gari bai gama wayewa ba, ruwa na ta tsiyaya a jikin tagogi, ni kuwa ina takure kusa da hita da wando biyu a ƙarƙashin siket ɗin makaranta. Malamarmu, Misis Walsh, ta tafa hannu ta ce mu matso. Mutumin ya buɗe kular ya fito da wani ɗan kwano, sai ga wasu ƙwayoyi jajaye-jajaye, kowacce ta ɗan ɗara ƙwayar dawa, kowacce da ɗigo biyu baƙaƙe a cikinta. Ya ce ƙwan kifi ne, wani kifin rafi da ake kira trout, ɗigon nan kuwa idanu ne. Na sunkuya na leƙa, sai ɗaya daga cikin ƙwayoyin ta juya idanunta a cikin ɓawon. Na yi baya da salati a bakina, yara suka kwashe da dariya. Mutumin ya ce mu ne za mu rene su har zuwa bazara, sannan mu kai su rafi da hannunmu.

Wata huɗu ke nan da zuwanmu daga Kano. Abba ya samu gurbin karatun digiri na uku a jami'a, ya ɗebo ni da Umma da ƙanwata Ikram wadda ke goye a lokacin. Turancin da na zo da shi daga makarantarmu ta Gwammaja ina taƙama da shi, amma yaran Manchester suka nuna mini ashe ban fara ba, domin suna haɗiye rabin kalma su tofar da rabi. Idan suka yi magana sai in yi murmushi in gyaɗa kai, ko zagina aka yi ban sani ba. Abin da ya fi komai damuna shi ne sanyi. Na tsane shi tsana ta gaske, ya shiga yatsuna, ya shiga kunnuwana, har cikin haƙorana nake jin sa. Umma kuwa tata damuwar daban ce. A unguwarmu ta Kano babu wanda bai san gidan Maman Balkisu mai ƙanƙara ba, firiza uku gare ta, da azumi tun la'asar layi yake kaiwa har bakin titi. A nan sai ta koma mace mai zaman jiran miji a ɗan gidan haya mai ɗaki biyu, ba ta san kowa ba, babu mai sallama a ƙofa. Abu ɗaya ta dage a kai har Abba ya gaji ya yi mata, wato tsohuwar firiza doguwa da ya sayo a Cheetham Hill, aka cusa ta a lungun kicin ta tare rabin hanya.

An ajiye tankin kifayen a kan tebur a bayan aji, an zuba tsakuwa a ƙasansa, an kewaye shi da farin soso mai kauri, aka rufa masa baƙin ƙyalle domin ƙwan ba ya son haske. A ƙarƙashin teburin akwai injin sanyaya ruwa, tsoho ne na aro, kullum yana gurnani, da kuma wani ƙarami mai hura iska cikin ruwan. Aka raba mana aiki. Kowace safiya mutum biyu za su duba ma'aunin zafi su rubuta a allo, kuma an ja mana kunne cewa kada ya taɓa haura goma. Sai a tsince ƙwan da ya mutu, wanda ake gane shi da fari, da wani siririn bututun roba mai tsotso, don kada ya ruɓe ya lalata na kusa da shi. Nan fa aka zo wurina. Yarinyar da ta tashi tana tsintar tsakuwa a farantin shinkafa ai ba a koya mata wannan. Sauran yara sai su yi ta dagula ruwa, su tsotso mai rai su bar matacce, ni kuwa kafin a ƙirga ashirin na gama, ko tsakuwa ɗaya ban motsa ba. Misis Walsh ta tsaya tana kallon hannuna, ta ce kowa ya zo ya ga yadda Balkisu take yi. Ranar ce aka fara kiran sunana a ajin ba don a gyara mini wani abu ba, na koma gida kamar an ba ni kyautar gari.

Dogon mutumin, wanda yake aiki da wata ƙungiyar masu kula da rafuka, yakan leƙo lokaci zuwa lokaci. Ya faɗa mana cewa kifin nan ba ya zama sai a ruwa mai tsabta, mai gudu, mai sanyi, kuma duk rafin da aka gan shi a ciki to rafin lafiyarsa ƙalau. Duk na ji. Maganar sanyin ma na ji ta sarai, yarda ce kawai ban yi ba. A ganina mutanen da suke fitar da jarirai cikin keke ana zuba dusar ƙanƙara ba su ne za su koya mini tausayi ba. Da ƙwan ya fara fashewa sai zargina ya tabbata. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu suka fito, kowanne da jakar gwaiduwa a cikinsa wadda aka ce ita ce guzurinsa, ba sa iyo, sai dai su cusa kai cikin tsakuwa su dunƙule wuri ɗaya suna karkarwa. Ni na san karkarwa, kullum ita nake yi a hanyar makaranta. Kuma na san yadda ake yi wa sabon haihuwa. Da aka haifi Ikram na ga yadda ake tafasa ruwa a tukunya safe da yamma, na ga Umma tana wankan jego da ganyen darbejiya tururi na tashi, na ga an toshe tagogi an naɗe jaririya da zani uku, kuma na ji kakata tana faɗa cewa sanyi ne babban abokin gabar ɗan jariri. A kwanakin ma hirar gidanmu ke nan, domin Anti Rukayya, ƙanwar Umma da ke Birmingham, ta haihu, Umma kullum tana kan waya tana faɗa mata yadda za ta yi da ruwan zafi tun da babu itace.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin hutun tsakiyar zango, ni ce mai duba tanki bayan an tashi. Yara suka fita da gudu, Misis Walsh ta raka su bakin ƙofa. Na ɗaga baƙin ƙyallen na leƙa, na gan su a dunƙule, na tsoma yatsa a ruwan na ji kamar an sare shi. Tausayi ya cika mini zuciya har idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, bari dai in ba su dare ɗaya su huta, gobe da safe in mayar kafin kowa ya gani. Na durƙusa ƙarƙashin tebur na kashe makunnin bango, gurnanin ya tsaya cak. Ban lura cewa ƙaramin injin mai hura iska shi ma a jikin makunnin yake ba. Har hitar da ke kusa na ƙara murɗawa. Na ɗauki jakata na fita ina jin kaina mai aikin lada.

Washegari na makara, domin Ikram ta ɓata kayanta muna bakin ƙofa. Da na shiga aji sai na tarar da shiru irin wanda ban taɓa ji ba a wurin. Misis Walsh tana tsugune gaban tanki, ma'aunin zafi a hannunta, yara sun yi cirko-cirko. Da yawa daga cikin kifayen sun yi fari fat, sun kwanta a kan tsakuwa, sauran kuma da ƙyar suke motsi. Wata yarinya mai suna Maisie, wadda ta raɗa wa kusan kowannensu suna, tana kuka da majina. Mai kula da ginin makarantar, wani dattijo mai ƙiba da muke kira Mista Derek, ya kunna makunnin, mai hura iskar ya tashi, amma injin sanyin ya yi tari sau biyu ya mutu murus. Aka buga wa mutumin rafi waya, ya ce ba zai samu wani ba sai Litinin. Misis Walsh ta ce in zo in tsince matattun tun da na fi kowa iyawa. Haka na tsaya ina tsotso su ɗaya bayan ɗaya ina zubawa a kofi. Yinin ranar da 'yan ƙananan ledojin ƙanƙara na ɗakin shan magani aka yi ta lallaɓa ruwan, amma kowacce ba ta awa biyu take narkewa. Ga shi da ƙarfe shida za a kulle makaranta, babu mai sake shiga sai safiyar Litinin. Na ji Mista Derek yana cewa ƙila mai shara ce ta ture makunnin da tsintsiya. Na bar laifin a kanta, abincin rana ma kasa ci na yi.

Da aka tashi na hango Umma a bakin ƙofar makaranta, can gefe inda take tsayawa ita kaɗai, da Ikram a goye a ƙarƙashin babbar rigar sanyi. Ina isa gare ta na fashe da kuka na zayyana mata komai da Hausa, wadda babu mai ji a wurin sai mu. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ke da aka ce miki sanyi suke so, wa ya aike ki? Ke kika halicce su?" Na ce na ga suna karkarwa ne. Ta dube ni kamar za ta yi faɗa, sai kuma na ga bakinta yana motsi tana danne dariya. Ta ce, "Wato jego kika yi musu. To share hawayenki, mu je wurin malamar. Ki faɗa mata da bakinki, kada a ɗora wa baiwar Allah mai shara abin da ba ta ji ba ba ta gani ba." Na roƙe ta, na ce za a kore ni. Ta kama hannuna ta ja ni ciki, ita da ba ta taɓa wuce bakin ƙofar nan ba.

Ban san da wane Turanci na yi bayanin ba. Na dai tuna Misis Walsh ta zauna a kan 'yar ƙaramar kujerar yara, fuskarta ta yi ja, sannan ta tambaye ni dalili. Da na faɗa mata yadda ake yi wa jarirai a garinmu, sai ta ce ta ji zafin abin, amma ta gode da na faɗi gaskiya, kuma yanzu abin da ke gabanmu shi ne waɗanda suka rage. Duk wannan Umma ba ta wurin. Ta riga ta isa tankin, ta kara bayan hannunta a jikin gilashin, ta ɗaga ledar ƙanƙarar da ta narke ta yi tsaki. Ta ce in tambayi malama kwana nawa ake so ruwan ya yi da sanyi. Na ce daga yanzu zuwa safiyar Litinin. Ta lissafa da yatsu, ta ce, "Kwana biyu da rabi? A garin da ko rana babu? Ni da nake ajiye ƙanƙara kwana uku a Kano cikin zafin bazara ba wuta? Gaya mata wannan aikina ne." Na fassara, amma na sassauta. Mista Derek ya ce matsalar ita ce babu inda za a samu manyan ƙanƙara a daskare cikin awa biyu. Na ga Umma ta ciji leɓe.

Na san abin da take tunani. Jibi Lahadi ne sunan jaririn Anti Rukayya, kuma da sassafen Asabar za mu hau bas zuwa Birmingham. Tun ranar da aka haihu Umma take shiri. Ta jiƙa zoɓon da aka aiko mata daga gida, ta sa citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta ɗura a manyan jarkoki da gorunan lemo, ta jera a firiza suka daskare suka zama dutse. Wannan zoɓon shi ne gudummawarta, kuma shi ne karo na farko da matan Hausawan ƙasar nan za su ɗanɗana hannunta. Kullum sai ta buɗe firizar ta ƙwanƙwasa jarkokin ta rufe. Ta daɗe tana kallon kifayen da suka rage, sannan ta gyara goyonta ta ce, "Zoɓo ana sake dafa wani. Ce wa dattijon nan ya ɗauko baronsa." Haka muka ratsa layukan Levenshulme, Mista Derek yana tura baro cike da jarkokin zoɓo, ni ina jan keken cefane da barguna da buhunan algarara biyu da aka kawo mana kaya a ciki daga Kano, Umma a gaba tana ba da umarni da hannu. Mutane suna leƙowa ta taga suna kallonmu.

Ban taɓa ganin Umma a ƙasar nan kamar yadda na gan ta a yammacin nan ba. Ta ajiye Ikram a kan tabarmar karatu, ta naɗe hannun riga, ta sa aka kashe hita aka ɗan buɗe taga. Ta hana a tsoma ko gora ɗaya a cikin ruwan, ta ce in ta yi yoyo kifaye ba su saba da citta ba. Ta cire farin soson, ta naɗe kowace jarka da jarida, ta jera su a jikin gilashin, manya a ciki ƙanana a waje, sannan ta mayar da soson ta bayansu. Ta ce a samo mata dusar katako. Mista Derek ya sosa kai, ya tafi ya dawo da buhun wadda ake shimfiɗa wa zomon 'yan aji ɗaya. Ta cusa ta a kowace kafa har babu inda iska za ta ratsa, ta lulluɓe da algarara, ta kawo bargunanmu masu nauyi ta rufa, ta bar 'yar ƙofa ɗaya don bututun iska. Ni dai da na ga bargo sai hankalina ya tashi, na ce Umma ai zafi za su sake ji. Ta ce, "Bargo ba ya kawo ɗumi, Balkisu. Abin da ya tarar shi yake riƙewa. In ya tarar da ɗumi ya riƙe, in ya tarar da sanyi ya riƙe." Misis Walsh ta sa na fassara mata, ta ɗauki alli ta rubuta a allo. Daga ƙarshe Umma ta nuna Mista Derek da yatsa ta ce da Turancinta, "No open. No look." Ya ƙame ya sara mata.

A Birmingham, gidan Anti Rukayya a Selly Oak ya cika maƙil, takalma sun taru tun daga matattakala. Matan likitoci da ɗalibai daga garuruwa daban-daban sun zo da kuloli, ana ta hayaniya, Hausa da Turanci a cakuɗe. Tun muna cire rigunan sanyi wata ta ɗaga murya ta ce, "Maman Balkisu, ina zoɓon da aka cika mana kunne da shi? Ni fa saboda shi na yi swapping ɗin shift ɗina, na ba wata aikina na yau." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Umma ta zauna ta gyara ɗaurinta, ta ce, "Yana can yana jinyar kifi." Da ta ba su labari sai ɗakin ya ɗauki dariya, Anti Rukayya tana riƙe ciki tana roƙon a bari. Har aka tashi suna kirana ungozomar kifi. Aka sha lemon kwalba, kowa yana cewa a dai yi haƙuri. Amma na ga Umma sau biyu tana kallon teburin da aka jera abincin kowa babu nata, na san abin ya taɓa ta. Da aka zo yi wa jaririn wanka aka sirka ruwa mai ɗumi, ya miƙe ƙafafu yana lumshe ido, na tsaya ina kallo. Umma ta matso ta ce a hankali, "Kin ga shi ɗumi ne nasa. Su kuma sanyi ne nasu. In za ki taimaki abu, ki fara sanin abin da yake so, ba abin da ke kike so ba." Ko naman suna ban iya ci sosai ba, hankalina yana can ƙarƙashin barguna.

Safiyar Litinin tun kafin takwas muna bakin makaranta. Misis Walsh ta zo sanye da kayan zaman gida, Maisie ma ta zo da mahaifinta duk da ana hutu. Mista Derek ya buɗe ajin, sanyi ya buso mana. Umma ta yi bismillah ta fara yaye barguna ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na kasa matsawa, na tsaya a bakin ƙofa na rufe fuska. Na ji ƙarar jarida, na ji an girgiza jarka, sai wani abu ya yi ƙwal-ƙwal a cikinta. Umma ta ce, "Kin ji? Ko zuciyarta ba ta narke ba." Misis Walsh ta zaro ma'aunin ta duba, ta ce shida. Sai Maisie ta ƙwalla ihu ta zo ta fizge ni. Suna nan a cikin tsakuwa, a dunƙule, suna ta karkarwar nan tasu, ko ɗaya bai ƙara mutuwa ba. Na daɗe ina kallon su kafin na gane cewa karkarwar ba wahala ba ce, numfashi ne da motsi irin na mai rai. Mutumin rafi ya iso da sabon inji, ya zagaya tulin dusar katakon da jarkokin, ya tsuguna ya yi ta yi wa Umma tambayoyi ina fassarawa, yana rubutawa a ɗan littafinsa.

Makonni suka wuce, jakar gwaiduwar ta shanye, kifayen suka taso saman ruwa suna neman abinci, zane-zane suka fito a jikinsu. 'Yan aji duk sun ji abin da na yi, amma babu wanda ya yi mini gori sai Maisie, ita ma da wasa, duk lokacin da na doshi tankin sai ta tare makunnin da jikinta. Muka koyi abubuwa da yawa a kansu. Muka gane cewa ramukan ruwan da ke gefen titi da yawansu rafi suke zubawa kai tsaye, na zo gida na hana Umma zubar da ruwan wanke-wanke mai maiƙo a na ƙofar gidanmu, ta ce to malama ta ji. Muka gane cewa bishiyar bakin rafi inuwarta ce ke hana ruwan ɗumama. Bayan hutun bazara aka ɗauke mu a bas zuwa wani ƙaramin rafi da ke gangarawa cikin kogin Mersey, kuma Misis Walsh ta aika wa Umma takardar gayyata da sunanta a rubuce. Ta zo da sabon zoɓo jarka biyu, yara suka sha leɓunansu suka yi ja. Aka ba kowane yaro kofi da ɗan kifi a ciki. Mutumin rafi ya ɗebo guda ya miƙa wa Umma. Ta tattare zaninta, ta taka cikin taɓo da takalmin aro, ta tsuguna ta karkata kofin a hankali har ruwan rafin ya shiga. Ɗan kifin ya tsaya cak yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, sannan ya ɓace a ƙarƙashin wani dutse. Na ji ta ce, da muryar da ta yi wa jaririn Anti Rukayya addu'a, "Allah ya raya."

Yau ina zaune a Selly Oak, layi biyu tsakanina da gidan da aka yi sunan nan, a gidan haya da muke rabawa mu huɗu. Karatun ruwan rafuka nake yi a jami'a, rabin rayuwata a cikin takalmin roba har gwiwa, ina tsoma ma'auni a ruwa ina rubutawa. Ruwan yana ɗumama a bazara fiye da yadda kifayen nan suke so, shi ya sa muke ta dasa bishiyoyi a gaɓa, kuma duk shekara nakan kai ƙwai makarantu in ga yara suna ja da baya idan ido ya juya a cikin ɓawo. Nakan nuna musu makunni, in ba su labarin wata yarinya mai tausayi. Abba ya gama karatunsa tuntuni, sun koma Kano da Umma, firizarta yanzu huɗu, layi ya dawo bakin titi. Ina kewarta ƙwarai, musamman da safe idan na tsoma hannu a rafi yatsuna suka ƙage, domin har yau ni da sanyi ba mu shirya ba. Idan na kira ta ba ta tambayar jarrabawa ko abinci sai daga baya. Abin da take fara cewa shi ne, "Ya 'ya'yana, ruwan nasu da sanyi?" Nakan ce da sanyi, Umma, muna riƙe musu shi.